Ratar Maki Arba'in da Biyar

Shekara ashirin da bakwai ina riƙe da agogon filin wasa na makarantar Merrow. Duk Juma'ar kaka nakan hau ɗakin katakon nan da ke saman kujerun 'yan kallo, in zauna gaban maɓallai ina danna maki a allo, idan wasa ya ƙare in busa ƙaho. Sunana Earlene Tackett, amma har shugaban makaranta Miss Earlene yake ce mini, domin ni na koya masa lissafi a aji huɗu, kuma ya san ban manta irin kansa ba.

Ƙwallon Amurka muke yi, wadda ake ɗauka a jefa da hannu, amma ba mu da yaran da za su cika mutum goma sha ɗaya a fili, don haka shida da shida muke bugawa, kamar sauran ƙananan garuruwan auduga na yammacin Texas. Wasan shida yana da doka guda da manyan makarantu ba su da ita. Daga hutun rabin lokaci zuwa gaba, duk sa'ad da wata ƙungiya ta ba abokiyar karawarta ratar maki arba'in da biyar, wasa ya ƙare nan take, kowa ya kama gabansa. Don tausayi aka yi ta. Garin da ke da yara bakwai kacal, in aka karya masa biyu a yamma ɗaya, shekararsa ta mutu.

Wannan dokar ce ta zame wa Lázaro Quintanilla ƙarfen ƙafa. Laz kwatabak ɗinmu ne, wato yaron da ƙwallo ke bi ta hannunsa a kowane hari, shi zai duba fili ya zaɓi wanda zai jefa wa. Na ga kwatabak goma sha ɗaya daga tagar nan tawa, wasu masu ƙarfin hannu, wasu masu ƙarfin baki. Laz shi kaɗai na gani yana jefa ƙwallo inda babu kowa, sai ka buɗe baki za ka yi tsaki, ka ga yaronmu ya ɓullo daidai wurin ta faɗa masa a hannu. A shekara biyu ya buga wasa goma sha tara, kuma duk sun ƙare ne a hutun rabin lokaci ko jim kaɗan bayansa. Bai taɓa taka fili a zango na huɗu ba, wato na ƙarshe.

Uwarsa Graciela ce ke dafa abincin rana a makaranta. Ubansa ya bar lafiyar bayansa da ta ƙirjinsa a gidan gurzar auduga, yanzu sai zama a baranda. Kowa ya san hanyoyin Laz biyu ne: ko wata jami'a ta ba shi gurbin karatu kyauta saboda hannunsa, ko ya gaji uban a gidan gurza.

Koci Dwight Pruitt ya tura bidiyon yaron ga jami'o'i arba'in da ɗaya. Guda ce ta amsa, wata ƙarama a gabashin jiha, tafiyar awa shida. Mai zaɓar musu 'yan wasa, wani Corbin Ashlock, ya kira ya ce ya kalla, kuma abin da ya gani shi ne yaro yana ratsa yara shida a makiyaya. Ya ce bai ga Laz a gajiye ba, bai gan shi an dake shi ya tashi ba, bai ga yadda yake ba idan wasa ya yi tsawo. Gurbi ɗaya ne ya rage, yara uku na nemansa. Zai zo Juma'a mai zuwa, amma sai ya fara kallon wani yaro a Lubbock, don haka ba zai iso Merrow ba sai wajen hutun rabin lokaci. Abin da yake roƙo kawai a nuna masa rabi na biyu.

Ranar Laraba muka zauna a kicin ɗin makaranta bayan yara sun ci sun watse, ni da Dwight, Graciela tana kankare tukunyar wake. Ni dai tun daga wannan Larabar na san Juma'ar ba za ta yi kyau ba. Makarantar garin Sand Draw za mu karɓa, yara bakwai suke da su, ɗaya ma ɗan aji tara ne da hular ƙarfe ke yi wa yawo a kai. Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Dwight ya ce Ashlock yana da gaskiya, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. A cewarsa ba a auna kwatabak da jifa, kowane ɗan manomi a nan zai iya jefa ƙwallo ta tsallake rumbu. Ana auna shi ne a lokacin da ƙafafunsa suka yi nauyi, haƙarƙarinsa na ciwo, kuma sauran yara suka juyo suna kallon fuskarsa. Shi kansa, in ji shi, bai san abin da Laz zai yi a irin wannan lokaci ba, domin bai taɓa zuwa ba. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Na ce masa wannan hankalin mutanen birni ne. Ma'aikacin da ya gama nome gona kafin azahar, ba a tsayar da shi a ce ba a ga guminsa da la'asar ba. In yaro ya hana wasa yin tsawo sau goma sha tara, ai wannan shi ne ma'aunin, kuma wanda bai iya karanta shi ba ya koma aji huɗu in koya masa.

"Miss Earlene, ni da ke ba mu da gurbin karatu a aljihu," in ji Dwight. "Shi ke da shi. In ya ce yana son ganin yaron yana rawa da ƙafa ɗaya, sai yaron ya yi."

"To me za ka yi, ka ɗaure masa hannu?"

Kusan hakan yake nufi. Zai bar Laz ya ci huɗu, maki talatin da biyu in an haɗa da ƙarin biyu-biyu na bugun ƙafa, sannan a ja birki, a riƙa jefa ƙwallo waje, a mayar wa Sand Draw, har sai motar baƙo ta shigo. Daga nan a saki yaron na ɗan lokaci, a sake ja, a kai wasan zango na huɗu ko ta halin ƙaƙa.

Na tuna masa abin da ya sani sarai. A ƙasar nan in ka fi ƙarfin mutane, mutunci shi ne ka gama da su da wuri su hau bas da ƙashinsu a haɗe. Ba a riƙe yaran wani a fili ana wasa da su kamar kyanwa da ɓera. Harlan Boykin, kocin Sand Draw, ya tsaya wa Dwight ranar aurensa.

Dwight ma kwatabak ne a zamaninsa, gajere, kuma babu wanda ya taɓa tuƙa mota awa shida don ya kalle shi. Ya juya ya tambayi Graciela ra'ayinta. Ta ɗauraye tukunyar, ta kife ta, ta ce ita ba ta san dokokin wasa ba, abin da ta sani shi ne sautin tarin da mijinta ke yi da asuba.

Ranar Juma'a aka fara ƙarfe bakwai, rana ba ta gama faɗuwa ba. Kafin a shiga tsakiyar zango na biyu Laz ya ci huɗunsa, na danna talatin da biyu da ba ko ɗaya. Ana wata ga wata: wani yaron Sand Draw ya saki ƙwallo a gidansu, wato ƙarshen filin da muke kai ƙwallo mu ci, ɗan ƙaramin yaronmu Otis ya faɗa a kanta, cinsa na farko a duniya. Ya tashi yana tsalle yana nuna wa kakarsa, Dwight kuwa ya dafe kai da hannu biyu. Kafin ya buɗe baki mai bugun ƙafa ya ƙara biyu. Arba'in ke nan. Ci ɗaya maki shida ne, don haka ci ɗaya ya rage tsakaninmu da ƙaho.

A wannan zangon ne kuma aka fitar da ɗaya daga yaran Sand Draw da targaɗe a idon sawu. Suka rage shida cif, babu mai canji.

Zan faɗi nawa laifin tun yanzu. Hutun rabin lokaci na ja shi har ya kusa ninkawa. Na ce wa alƙalin wasa agogo ya sami matsala, 'yan badujalarmu su tara suka maimaita waƙoƙinsu uku sau biyu, har mai ganga ya fara kallon tagata. Dwight ya ɗago wayarsa ya nuna mini yatsu: Ashlock ya maƙale bayan jerin motocin ɗaukar auduga, saura minti ashirin da biyar.

Zango na uku shi ne abu mafi muni da na taɓa kallo daga wannan ɗaki. Laz ya karɓi ƙwallo, ya ja baya, ya ga yaronsa a buɗe babu kowa kusa da shi, ya jefa ta cikin ciyawa. Ya sake. Ya sake. Ƙwallo ta koma hannun Sand Draw, su kuma dole su ruga su yi karo da namu, don ba a tsayawa a fili a naɗe hannu. Dwight ya sa ƙananan yaranmu a baya, amma ko su sun fi ƙarfin mutum shida da ba su da mai canji. Mai lamba huɗu nasu, wani siririn yaro mai suna Wendell Rusk, sau uku ina ganin ya tashi yana riƙe da haƙarƙari.

'Yan kallo suka gane. Babu wanda ya yi ihu, kujeru dai suka yi tsit, na ga wasu tsofaffi sun naɗe barguna sun nufi motocinsu. Iyayen Sand Draw a can gefe suka miƙe tsaye. Harlan Boykin ya shigo har cikin layi, ya cire hula, muryarsa ta iso har tagata.

"Dwight, ka gama da mu mana. Me yaran nan suka yi maka?"

Dwight ya sunkuyar da kai yana duba waya.

Saura minti huɗu a zangon, ƙwallo ta dawo hannunmu. Daga baya yaron da ke miƙa wa Laz ƙwallo ya ba da labarin abin da ni ban ji ba. Ya ce da suka jeru, Wendell Rusk ya ɗago kai daga ɗaya ɓangaren, jini a leɓensa, ya ce da Laz, "Don Allah ɗan'uwa, ka sallame mu." Laz ya dubi bakin ƙofar shiga, babu mota. Ya dubi Dwight, Dwight ya yi masa alamar ciyawa.

Ya karɓi ƙwallo ya ja baya taku biyar. Na san abin da zai yi tun daga yadda ya kafa ƙafa. Ya sake ta daga kusan bakin gidanmu, ta tashi sama da fitilu, ta sauka a hannun yaronmu a can ƙarshen fili ba tare da ya rage gudu ba. Ban taɓa ganin jifa irinta ba, kuma ba na sa ran zan sake gani. Alƙali ya ɗaga hannu biyu. Na danna shida, allo ya nuna arba'in da shida. Na zauna da yatsana a kan maɓallin ƙaho ina neman wata ƙaryar da zan sake yi, ban samu ba, na busa.

Minti goma sha ɗaya bayan haka wata farar mota ta shigo. Bas ɗin Sand Draw ta riga ta tayar da inji, mata suna kwashe tukwanen naman gashi.

Corbin Ashlock saurayi ne mai ladabi, bai fi talatin ba, da ɗan littafi a hannu. Ya ba da haƙuri sau uku. Dwight ya roƙe shi, roƙo na gaske wanda ban so na gani ba, ya ce fitilu na kunne, yaron bai cire kaya ba, ya tsaya ya ga ko jifa goma. Ya yarda. Ya auna tsawon Laz ba takalmi, ya auna faɗin tafin hannunsa da ɗan awo, ya rubuta. Sannan Laz ya koma tsakiyar fili da yara biyu ya fara jifa, Dwight na can kusa da shi yana kiran inda za a ruga.

Ni na sauko na tsaya gefen Ashlock a bakin layi. Ya kalli jifa shida ko bakwai, ya gyaɗa kai, ya ce hannun yana da kyau, amma wannan ya riga ya sani tun daga bidiyo. Ya ce abin da ya zo gani ba a ganinsa a filin da babu abokin gaba. Yana maganar ne a hankali, kamar likitan da ya riga ya ga hoton ƙirji.

Raina ya ɓaci. Na ce masa abin da ya zo nema an yi shi a filin nan minti ashirin da suka wuce, shi yana can yana ƙirga motocin auduga. Na kwashe labarin duka na ba shi: yadda aka ja wasan don shi, yadda yaran Sand Draw suka rage shida, abin da Harlan ya ce, yadda Laz ya dubi ƙofa ya san abin da zai rasa, ya jefa duk da haka. Na ce in yana neman yaron da sauran yara za su kalli fuskarsa, ga shi can, kuma in littafinsa ba shi da layin rubuta wannan to littafin ne ba shi da amfani. Na ji daɗin bakina sosai a lokacin.

Ya saurara har ƙarshe. Ya ce lallai yaron kirki ne. Sannan ya buɗe littafin.

"Bari in tabbatar na fahimta, Miss Tackett. Koci ya ba shi umarni ya jefar waje."

"Ya ba shi."

"Ya ga umarnin?"

"Ya gani mana, ai shi ne abin da nake faɗa maka."

"Kuma ya yi abin da ya ga dama."

Ya rubuta layi ɗaya, bai fi kalma biyar ba, ya ja masa layi a ƙasa. Na ce ba haka nake nufi ba. Ya ce ya gane, kuma shi a karan kansa yana jinjina wa yaron. Sai dai ba shi ke yanke hukunci ba, babban kocinsu ne, kuma abu na farko da zai tambaya game da yaron da bai taɓa buga wasan mutum goma sha ɗaya ba shi ne ko yana jin magana. Ya ce za a koya masa komai daga tushe, kuma wanda za a koya wa komai dole ya bi abin da aka ce ko da bai yarda ba. Ba zai iya ɓoye abin da mai riƙe da agogo ta faɗa masa da bakinta ba.

Magana zarar bunu ce. Na tsaya a wurin, Laz yana can yana ta jifa, kowace tana sauka inda ya aike ta.

Ashlock ya gaisa da Laz, ya gaisa da Graciela, ya karɓi faranti ɗaya na nama da aka naɗe masa, ya ce za su kira. A watan Fabrairu gurbin ya tafi ga yaron Lubbock. Dwight ya sake tura bidiyo ga wasu jami'o'in, amma yanzu akwai rabi na biyu a ciki, kuma abin da ya nuna shi ne jifa takwas a ciyawa. Mu da muka san dalili ba mu da bakin bayyana shi, don in muka ce da gangan aka yi, aikin Dwight ne zai tafi.

Ban faɗa wa kowa abin da ya gudana a bakin layi ba, ko Dwight. Shi yana ɗauka motocin auduga ne suka kashe maganar, kuma yana ɗora wa kansa sauran. Har yau mukan yi musun a kicin. Yana nan kan bakansa cewa ba mu taɓa sanin ko Laz zai iya ba, ni kuma ina cewa mun sani sarai, amma muryata ba ta tashi kamar da, kuma ya lura. Harlan Boykin bai sake yi masa magana ba.

Laz yana tuƙa motar ɗaukar auduga yanzu, shekara ta uku ke nan. Ya yi ƙiba kaɗan. Ba ya taɓa ƙwallo, ko yara sun miƙa masa sai ya ce kafaɗarsa na ciwo. Amma yana zuwa wasa duk Juma'ar da aka tashi aiki da wuri, kuma tun da gwiwoyina suka fara ba ni wahala shi ke jirana a gindin matakala ya ɗauki jakata ya kai sama.

Juma'ar da ta wuce ya ajiye jakar, ya tsaya a bakin ƙofa yana juya hularsa a hannu. Ya ce akwai abin da ya daɗe yana son faɗa mini. A ranar nan, yana tsakiyar fili yana jifa, ya hango ni ina yi wa mutumin magana, ina nuna shi da yatsa, fuskata ta yi ja. Bai ji abin da na ce ba, amma ya san ni.

"Kowa ya tafi ranar, ke kika tsaya mini, Miss Earlene," in ji shi. "Ban taɓa yi miki godiya ba."

Na duba agogo, saura minti biyu a fara. Na ce masa ba komai, ya sauka a hankali, katakon mataki na uku ya ruɓe.